Bindiga Mai Ƙanƙara da Masu Tara Ta

Tun kafin a san harsashi irin na yau, wanda albarushi da dalma da abin tayar da wuta duk suke ƙunshe cikin kwanso guda, dakarun daulolin Turai sun shafe fiye da ƙarni ɗaya suna yaƙi da bindigar da ba ta tashi sai ƙanƙara ta bugi ƙarfe ta fid da tartsatsi, tamkar dai ƙyastun da kakanninmu suke hura wuta da shi. Masana tarihi sun fi jingina kammaluwar wannan hikima ga wani maƙeri Bafaranshe, Marin le Bourgeoys, wajen shekarar 1610. Daga baya Faransa ta tsayar wa rundunarta samfuri guda a 1717, wanda ya shahara da sunan maƙerar Charleville, Ingila kuma ta bi sahu a 1722 da bindigar da sojojinta suka yi wa laƙabi da Brown Bess. Zuriyar waɗannan biyu ce ta gwabza a yaƙin Waterloo a 1815.

Ɗurinta kuwa aiki ne mai bukatar horo, domin soja yakan ciji bakin ƙunshin takarda, ya zuba albarushi kaɗan a ɗan kaskon da ke gefe ya rufe, ya juye sauran cikin bututu, ya bi shi da dalma, ya danna da sandar ɗuri, sa'an nan ya ja kunama. Gwani yakan yi harbi 3 a minti guda, in ruwan sama bai jiƙa albarushin ba. Da yake cikin bututun sumul yake, ba a dogara da saitinta daga nesa, shi ya sa ake jera dakaru sahu-sahu su saki wuta baki ɗaya.

Wani limamin coci na Sikotilan, Alexander Forsyth, shi ne ya yi rajistar dabarar tayar da wuta ba da ƙanƙara ba a 1807, kuma kafin tsakiyar ƙarnin rundunonin Turai sun yi watsi da tsohuwar. Amma a Afirka ta Yamma sai ta yi tsawon rai. Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nufe tun a ƙarni na 18, a zamanin Sarki Kumbari, ya kuma ce Sarki Babba Zaki ne ya fara tsayar da 'yan bindiga cikin masu tsaronsa. Maƙerun Birmingham da na Liège sun ƙera dubbai masu araha musamman don fataucin gaɓar teku, kuma yarjejeniyar Brussels ta 1890, wadda ta ƙuntata sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar ƙofa a buɗe ga mai ƙanƙara, alhali masu yarjejeniyar sun san sarai cewa wadda suka halatta ba za ta iya karawa da wadda suka haramta ba. Wannan ciniki na daga cikin dalilan da suka sa masu fasa ƙanƙara na garin Brandon a Ingila suka ci gaba da sana'arsu har cikin ƙarni na 20.

Masu tara irin waɗannan kayan tarihi a yau sun ɗauko wani abu daga tafarkin malaman hadisi, domin ba sa karɓar bindiga sai sun bi isnadinta. Sukan duba farantin kunama ko akwai kambin sarauta da haruffan GR na Sarki George, da sunan Hasumiyar Landan, da 'yar alamar kibiya ta mallakar gwamnati. Sukan duba tambarin gwaji a gindin bututu, wanda gidan gwajin Birmingham yake bugawa tun 1813. Algus ya yi yawa a wannan kasuwa, musamman bindigogin da aka taɓa sauya su zuwa sabuwar dabara, sa'an nan wani mai wayo ya mayar musu da ƙanƙara don farashi ya ɗaga. Gogewa da yashi har ƙarfe ya yi ƙyalli ita ma hasara ce, don takan tafi da tambarin da ake nema.

Inda nake saɓa wa da yawa daga cikinsu shi ne rainin da suke yi wa bindigar da ta yi zama a hannun maharbi, wadda aka ɗaure ƙotarta da ɗanyar fata ko waya, aka rataya mata laya, maƙerin ƙauye ya sake mata kunama. A ganina kowane gyara shaida ne a kan inda ta bi, kuma shaidarsa ba ta gaza ta kambin sarki ba.

Wajibi ne kuma ga duk wanda irinta ta faɗo hannunsa ya zura sanda cikin bututun, ya gwada tsawon da ya shiga da tsawon bututun daga waje, domin an sha samun waɗanda aka jingine da ɗurinsu a ciki, kuma baƙin albarushi, in ya zauna a bushe, yana tashi ko bayan shekara 100.