JAMAIKA: DAGA GONAR RAKE ZUWA FILIN TSERE

Mai karatu, in aka ce maka ƙasar da mutanenta ba su cika miliyan uku ba ta sha gaban Amurka a gudun mita 100, ai sai ka yi mamaki. To, Jamaika ke nan, wani tsibiri a tekun Karebiyan.

Columbus ya sauka can a 1494, ya tarar da mutanen Taino, waɗanda cututtuka da aikin tilas na Sifaniyawa suka kusa ƙarar da su. A 1655 Ingila ta ƙwace tsibirin, ta cika shi da gonakin rake. Masu noman kuwa bayi ne daga Afirka ta Yamma, da yawansu daga ƙasashen da yau ake kira Gana da Nijeriya.

Amma fa ba su yi shiru ba. Wasu sun tsere cikin duwatsu, su ne Maroons, suka yi ta yaƙin sunƙuru ƙarƙashin Cudjoe da wata jaruma Nanny, har Turawa suka nemi sulhu a 1739. Sam Sharpe ya jagoranci boren 1831, aka rataye shi a 1832, bauta ta ƙare ɗungurungum a 1838. Mulkin kai sai ran 6 ga Agusta, 1962.

Tun kafin nan, a gasar Olamfik ta Landan ta 1948, Arthur Wint ya ciwo musu zinaren mita 400. A 1988 suka shiga tseren keken ƙanƙara a Kanada, alhali ƙanƙara ba ta sauka a ƙasarsu. Labarin ne ya zama fim ɗin Cool Runnings na 1993. A 1998 suka je Kofin Duniya a Faransa, har suka doke Japan da ci 2 da 1.

Sai 2008 a Beijing, Usain Bolt da Shelly-Ann Fraser suka kwashe zinaren mita 100, maza da mata. Shekara guda bayan haka, a Berlin, Bolt ya yi gudun cikin daƙiƙa 9.58, har yau ba wanda ya kamo shi.

Za ka ce mene ne sirrin? Akwai gasar makarantun sakandare mai suna Champs da ake yi tun 1910. Duk shekara babban filin wasa na Kingston kan cika maƙil don kallon yara, masu horarwa kuma na nan suna zaɓe. Bolt ma ta nan ya biyo. Da ma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.