Ibn Sirin Da Mafarkinmu

'Yan uwana mata, kusan duk gidan da kika shiga za ki tarar da ɗan littafin fassarar mafarki a ƙarƙashin katifa ko cikin kwalla. Da gari ya waye sai a ɗauko: maciji maƙiyi ne, faɗuwar haƙori mutuwa ce. Ni dai na ga ya kamata mu san wane ne wannan Ibn Sirin da muke ta jingina masa magana.

Sunansa Muhammadu, mutumin Basra ne a ƙasar Iraƙi, tabi'i, kuma falke mai sayar da tufafi. Ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira. Yana cikin waɗanda suka ruwaito daga Abu Huraira cewa mafarki iri uku ne: bushara daga Allah, da tsoratarwar Shaiɗan, da kuma zancen zuci, wato abin da mutum ya yini yana saƙawa.

An ce mutum biyu sun zo masa da mafarki iri ɗaya, kowa ya ga yana kiran salla. Ya ce wa na farko zai yi aikin Hajji, na biyu kuwa ya ce za a kama shi da sata. Kun ga ashe malamin mutumin yake dubawa kafin ya dubi mafarkin. To littafi fa, ina ya ga fuskarki balle ya san halinki?

Abin mamaki ma, masana sun nuna cewa babban littafin da ke ɗauke da sunansa ba shi ya rubuta ba, an harhaɗa shi ne shekaru aru-aru bayan rasuwarsa. A tsakanin nan kuwa an juya littafin wani Bagirke mai suna Artemidorus zuwa Larabci a Bagadaza cikin ƙarni na 9, fassarorinsa suka cuɗanya da na Musulmi. Daga baya Abdulganiyu Annabulusi na Dimashƙa, wanda ya rasu a 1731, ya jera fassarori bisa haruffa kamar ƙamus.

Su ma Turawa sun tofa nasu. A 1899 wani likita a Biyana, Sigmund Freud, ya ce mafarki buri ne da zuciya ta ɓoye. Sai a 1953 Aserinsky da Kleitman na Jami'ar Shikago suka gano cewa akwai lokacin da idon mai barci ke ta motsi, yana dawowa kusan duk bayan minti 90, kuma a nan aka fi yin mafarki. A lokacin gaɓoɓi a sake suke, ba sa motsi. In mutum ya farka jiki bai gama warwarewa ba, shi ne abin da muke kira dannau, mu ce aljani ne ko maye.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mace ta kwana da kishi a zuciya, ta ga abokiyar zamanta da wuƙa cikin barci, da safe ta buɗe littafi, da yamma tana gidan boka. Wallahi aure ya sha mutuwa a kan haka, zumunci ya sha yankewa, alhali zancen zuci ne, iri na uku.

Koyarwar da muka gada a fili take: mummunan mafarki ki nemi tsari, ki juya kwanciya, kada ki faɗa wa kowa. Mai kyau kuwa sai ga masoyi ko masani.

Allah ya ba mu barci mai daɗi, ya raba mu da zargi, amin.