Daga Kurkukun Sayir Zuwa Gidajen Fatalwa

Da sanyin safiyar Juma'a, 2 ga Mayun 2008, wani jirgin sojan Amurka ya sauka a Khartoum ɗauke da 'yan Sudan uku daga sansanin Guantanamo. Ɗaya daga cikinsu shi ne Sami al-Hajj, mai ɗaukar hoto na gidan talabijin ɗin Al Jazeera, wanda aka kama a kan iyakar Pakistan da Afghanistan a Disambar 2001. Fiye da shekara shida ya yi a hannu, ba a taɓa gurfanar da shi gaban alƙali ba. Daga jirgi sai asibiti a kan gadon marasa lafiya, domin ya fi shekara yana yajin cin abinci, ana yi masa ɗura ta hanci. Manyan jami'an gwamnati suka yi ta zarya suna yi masa barka da arziki.

Kwana takwas bayan haka, ranar Asabar 10 ga wata, mayaƙan ƙungiyar tawaye ta JEM, ƙarƙashin Khalil Ibrahim, suka keto hamada daga Darfur suka faɗa wa Omdurman, birnin da ke tsallaken kogi daura da Khartoum. Sama da mutum 200 suka mutu kafin a kore su. Ƙura ba ta lafa ba jami'an tsaro suka shiga bi gida gida, suna tare motocin haya suna sauke duk wanda kamanninsa ko harshensa ya nuna ɗan Darfur ne, musamman Zaghawa. Ɗaruruwa suka ɓace cikin wuraren da iyalansu ba su sani ba. Gwamnatin da ta yi wa Amurka tofin Allah tsine a farkon wata, ita ce kafin tsakiyarsa ta aikata abin da take kuka da shi, a kan 'yan ƙasarta.

Tsare mutum ba shari'a tsohuwar al'ada ce a mahaɗar kogunan Nilu biyu. A zamanin Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, wanda ya mulki Sudan daga Omdurman tsakanin 1885 da 1898, akwai kurkukun da ake kira Sayir, da sunan shugaban gandirobobinsa, Idris al-Sayir. A cikinsa akwai ɗakin dutse, Umm Hajar, inda ake cusa mutane da dare da mari a ƙafa, har wasu su rasa inda za su zauna. Wani ɗan kasuwa Bajamushe, Charles Neufeld, ya shiga hannu a 1887, bai rabu da sarƙa ba sai bayan yaƙin Karari a Satumbar 1898. Turawa sun yi ta yayata labarinsa saboda nasu ne, amma 'yan ƙasa sun fi shi shan wuya. Zaki Tamal, ɗaya daga cikin manyan kwamandojin Halifa, da yunwa aka kashe shi a tsare a 1893. Babban alƙalin daular, Ahmad Ali, a kurkuku ya ƙare, haka ma wanda ya gaje shi, Husaini al-Zahra. Inda alƙalin alƙalai ya mutu a ɗaure, wa talaka zai kai wa ƙara?

Turawan Ingila sun zo da da'awar kawar da wannan zalunci, sai dai ba su yar da makamin ba. Usman Digna, jarumin Mahadiyya na gabashin Sudan, an kama shi a 1900, aka yi ta yawo da shi daga kurkukun Masar zuwa Wadi Halfa, inda ya rasu a 1926 yana ƙarƙashin tsaro. Ali Abdullatif, hafsan da ya jagoranci ƙungiyar Farar Tuta a boren 1924, shi an yanke masa hukunci, amma wa'adinsa ya cika ba a sake shi ba. Aka ce ya taɓu, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali a Alƙahira, can ya rasu a 1948. Turawan ne kuma suka gina kurkukun Kober a Bahri, a gaɓar kogi daura da Khartoum, a 1903.

Kober ya ga kowa. Nan Ja'afar Numeiri ya rataye shugaban 'yan kwaminis Abdulkhaliq Mahjub a Yulin 1971, ya kuma rataye Mahmud Muhammad Taha a Janairun 1985, 'yan watanni kafin jama'a su kifar da mulkinsa su fito da fursunonin siyasa. Da Umar al-Bashir ya yi juyin mulki ranar 30 ga Yunin 1989, ya tara shugabannin jam'iyyu a can, har da Sadiq al-Mahdi da Hassan al-Turabi, duk da cewa Turabi ne uban tafiyar a ɓoye.

Amma Kober gidan yari ne da aka sani, yana da rajista, yana da gandirobobi, dangi kan iya kai abinci. Abin da mulkin Bashir ya ƙirƙiro shi ne abin da mutanen Khartoum suka laƙaba wa suna gidajen fatalwa: gidaje da ofisoshi a tsakiyar unguwa, ba allo, ba suna, waɗanda hukuma ke musun akwai su. Da dare ake zuwa, a ɗaure wa mutum ido, a zaga da shi cikin gari har ya rikice. Wanda ya fi yin ƙaurin suna yana kusa da tsohon ofishin Citibank. Bayan yajin aikin likitoci na ƙarshen 1989 aka kama Dokta Ali Fadl, ya mutu a hannun jami'an tsaro a Afrilun 1990. Dokta Faruk Muhammad Ibrahim, malami a Jami'ar Khartoum, ya fito da rai, ya rubuta wa Bashir takarda yana zayyana azabar da aka gana masa, ya kuma shafe shekaru yana bin kotuna ba tare da an hukunta kowa ba.

Daga baya sai aka yi wa al'adar rigar doka. Dokar tsaro ta 1999, bayan gyare-gyare, ta bai wa jami'ai damar riƙe mutum har wata tara bai ga alƙali ba. Tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya ce aikin hukumar tsaro shi ne tattara bayanai da ba da shawara, amma dokar 2010 ta bar mata ikon kamu: kwana 30, a ƙara 15, sannan majalisar tsaro ta ƙara wata uku, jimilla wata huɗu da rabi. A takarda akwai matakan sake duba lamarin wanda aka tsare. A aikace, masu dubawar da masu kamun 'yan gida ɗaya ne, kuma dokar ta ba jami'ai kariya daga tuhuma. An ba kura ajiyar nama ke nan. Wanda ya taɓa jin labarin Dokar Soja ta 2 ta 1984 a Najeriya, wadda ake sabunta tsarewa da ita duk bayan wata uku da sa hannun hafsa guda, zai gane tsarin nan take.

Irin wannan dubawa ce 'yan Sudan suka tarar a Guantanamo. Bayan Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a Yunin 2004 cewa fursunonin na da damar ƙalubalantar tsare su, ma'aikatar tsaro ta kafa kwamitocin hafsoshi uku uku domin tantance ko mutum mayaƙin abokan gaba ne. Ba lauya, kuma mafi yawan hujjojin sirri ne da wanda ake zargi ba zai gani ba. Cikin mutum 558 da aka duba, 38 kaɗai aka wanke. Adel Hamad, ɗan Sudan mai aikin asibiti da wata ƙungiyar agaji, an ɗauke shi daga gidansa a Peshawar ta Pakistan a 2002. Ɗaya daga cikin hafsoshin da suka duba lamarinsa ya ƙi amincewa a ci gaba da riƙe shi, sauran biyun suka rinjaye shi. An amince a sallame shi a 2005, amma bai taka ƙasar Sudan ba sai Disambar 2007. Shi kuwa Sami al-Hajj, lauyansa Clive Stafford Smith ya ce mafi yawan tambayoyin da aka yi masa a kan Al Jazeera ne.

Ba kowa ne aka kama a banza ba. Usama bin Laden ya zauna a Khartoum daga 1991 zuwa 1996, ya kuma tafi da mabiya. Ibrahim al-Qosi ya amsa laifinsa a gaban kotun soja a 2010, aka mayar da shi gida a 2012, sannan ya bayyana cikin al-Ƙa'ida a Yaman a 2015. Haɗarin gaskiya ne. Abin da ke ci wa mutum rai shi ne wanda ya amsa laifi ya san ranar fitarsa, waɗanda ba a tuhuma da komai ba kuwa ba su san tasu ba. Kuma duk wannan lokaci hukumomin leƙen asirin ƙasashen biyu suna aiki tare, har CIA ta aika jirgi ya ɗauko shugaban hukumar tsaron Sudan, Salah Gosh, zuwa Washington a Afrilun 2005.

Waɗanda aka kama bayan harin Omdurman, wasu an sake su shiru bayan watanni, wasu an kai su kotuna na musamman ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta 2001. Da dama ba su ga lauya ba sai ranar shari'a, sun kuma shaida wa alƙalai cewa da duka aka karɓi bayanansu. Fiye da mutum 100 aka yanke wa hukuncin kisa. Abin da ya fitar da su daga baya cinikin siyasa ne: an saki 57 a Fabrairun 2010 bayan yarjejeniyar Doha tsakanin gwamnati da JEM, wasu kuma sai afuwar 2017.

A Afrilun 2019, bayan an kifar da shi, Bashir kansa ya shiga Kober, kuma ya samu abin da ya hana dubbai: tuhuma a rubuce, lauyoyi, da zaman kotu a bainar jama'a. A ƙarshen Disambar shekarar wata kotu a Omdurman ta yanke wa jami'an tsaro fiye da 20 hukuncin kisa saboda azabtar da malamin makaranta Ahmad al-Khair har lahira, jama'a suka cika titi suna murna. An rage wa hukumar tsaro iko, an sauya mata suna. Bayan juyin mulkin Oktoban 2021, shugaban soja Janar Burhan ya mayar mata da ikon kamu.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun sa-kai na RSF a Afrilun 2023, Kober ya watse, fursunoni suka fice, har da tsofaffin jami'an Bashir irin su Ahmad Harun. Dakarun RSF suka mayar da gidaje, barikoki da kurkukun Soba wuraren tsare mutane. A Maris 2025 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a kan jihar Khartoum, inda ya ce ɓangarorin biyu suna riƙe da dubban mutane ba tuhuma, har da mata da yara, kuma da yawa sun mutu saboda yunwa, cuta da azaba.