Fitilar Gas: Wasan Kwaikwayon da Ya Haifi Kalma

A watan Disamba na 1938 aka fara nuna wasan kwaikwayon Gas Light a birnin Landan, wanda marubucin Ingila Patrick Hamilton ya tsara. An gina labarin a kan zamanin 1880, lokacin da gidajen masu hali ke haskakawa da fitilun iskar gas. Maigidan, Jack Manningham, ya taɓa kashe wata tsohuwa domin duwatsunta masu daraja, amma bai same su ba. Kwaɗayinsu ya ci gaba da cin ransa shekara da shekaru, har ya dawo ya tare a gidan da matarsa Bella, yana hawa saman bene cikin dare yana lalube.

Domin ya rufe bakinta, sai ya shiga raba ta da hankalinta sannu a hankali. Yakan ɓoye kaya ya ce ita ta ɓatar, ya sauke hoto daga bango ya kira 'yan aiki su rantse ba su ba ne. Da yake mahaifiyarta ta rasu a gidan masu taɓin hankali, Bella ba ta da ƙarfin musu.

Abin lura shi ne fitilar ba makaminsa ba ce. Duk lokacin da ya kunna ta sama, gas ɗin yakan rabu, hasken ƙasa ya dushe ba da saninsa ba. Wannan dushewar ce shaida guda da ta rage wa Bella cewa idonta bai yi mata ƙarya ba, kuma da ita tsohon ɗan sanda Rough ya kama bakin zaren.

Wasan ya ƙetare zuwa Amurka a 1941 da sunan Angel Street. An yi fim ɗinsa a Ingila a 1940, sannan kamfanin MGM ya sake yin wani a 1944, wanda ya kawo wa Ingrid Bergman kyautar Oska. Daga nan Turawa suka ƙera kalmar gaslighting, wato ruɗa mutum har ya daina yarda da abin da ya gani da idonsa, ko da yake a wasan fitilar ce ta tona asirin mugun. Masana halayyar ɗan Adam suka ɗauke ta, 'yan siyasa suka biyo baya, kuma a 2022 ƙamus ɗin Merriam-Webster ya zaɓe ta kalmar shekara.