Mawaƙin Fadar Ingila: Daga Yabon Sarki Zuwa Hidimar Waƙa

Hausawa na cewa in baki ya ci, ido kan ji kunya. Tarihin muƙamin mawaƙin fada a Ingila, wanda ya haura shekara 350, ya ginu ne a kan wannan matsala: shin mawaƙin da ke karɓar albashin sarki zai iya riƙe ra'ayinsa?

Asalin al'adar ya koma ga Girkawa da Rumawa, waɗanda kan ɗora wa gwani kambin ganye a ka don girmamawa. Haka aka yi wa Petrarch a birnin Rum a 1341. A Ingila, Sarki James na Ɗaya ya yanka wa Ben Jonson fansho a 1616, amma muƙamin bai tabbata a hukumance ba sai a 1668, lokacin da Charles na Biyu ya naɗa John Dryden. Ladansa ya haɗa da kuɗi da gangar giyar inabi duk shekara.

Dryden ne ya fara ɗanɗana ɗacin kujerar. Ya koma ɗariƙar Katolika a zamanin James na Biyu, da aka kawar da sarkin a 1688 kuma ya ƙi yin mubaya'a ga William da Mary. Sai aka tuɓe shi, aka ba Thomas Shadwell, mutumin da Dryden ya taɓa yi wa zambo. Har yau shi kaɗai aka taɓa tuɓewa.

A ƙarni na 18 aikin ya zama wajibi mai lokaci: waƙar sabuwar shekara da ta ranar haihuwar sarki. Da yake kusanci da masu mulki ya fi gwaninta tasiri wajen naɗi, martabar kujerar ta zube. Colley Cibber, da aka naɗa a 1730, ya zama abin ba'a a alƙalamin Alexander Pope. Thomas Gray ya ƙi karɓa a 1757, Walter Scott ma ya ƙi a 1813.

Abin da ya farfaɗo da muƙamin shi ne sauke masa wannan nauyi. William Wordsworth bai amince ba a 1843 sai da Firayim Minista Robert Peel ya tabbatar masa cewa ba za a tilasta masa rubuta komai ba, kuma bai rubuta waƙar fada ko ɗaya ba. Alfred Tennyson, da ya gaje shi a 1850, ya riƙe kujerar shekara 42, ya mai da ita muryar al'umma a lokutan yaƙi da makoki.

Bayan rasuwar Ted Hughes a 1998 aka daina naɗin har abada, aka ƙayyade shekara 10. Andrew Motion ne ya fara wannan wa'adi a 1999, daga baya kuma ya bayyana cewa aikin ya cutar da rubutunsa. Carol Ann Duffy ta zama mace ta farko a 2009, Simon Armitage ya biyo ta a 2019.

Har yanzu sarki ne ke naɗawa bisa shawarar Firayim Minista, amma babu waƙar da ta zama dole. Duffy ta sadaukar da albashinta wajen kafa kyauta ga sababbin ayyukan waƙa da sunan Ted Hughes. Armitage shi ma ya zuba nasa a kyautar waƙoƙin muhalli.