Maƙwabcin da Ya Ɓace: Yahudawa da Yaƙi a Finafinan Poland

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, Yahudawa fiye da miliyan uku ne ke zaune a ƙasar Poland. A Warsaw, babban birnin ƙasar, kusan mutum ɗaya cikin uku Bayahude ne. Suna da makarantunsu da jaridunsu, har da finafinai cikin harshensu na Yidish. Sojojin Jamus sun mamaye ƙasar a watan Satumba na 1939, kuma kafin a kai 1945 an hallaka kusan tara cikin goma na wannan al'umma. Da ƙura ta lafa, masu shirya fim cikin harshen Polish suka gaji wata tambaya mai nauyi: a lokacin da ake kwashe Bayahude daga gidansa, me maƙwabcinsa Kirista ya yi? Tarihin finafinan nan tarihi ne na yadda aka daɗe ana kewaya wannan tambaya kafin a tunkare ta.

Waɗanda suka fara ɗaukar kyamara mutane ne da abin ya shafa kai tsaye. Wanda Jakubowska ta yi zaman fursuna a sansanin gwale-gwale na Auschwitz, sannan ta koma can ta ɗauki fim ɗinta, Ostatni etap, wato Zangon Ƙarshe, wanda ya fito a 1948. Ta nuna mata daga ƙasashe daban-daban suna shan azaba tare, suna kuma turjiya tare. A wannan shekarar ce Aleksander Ford, wanda shi kansa Bayahude ne, ya kammala Ulica Graniczna, wato Titin Kan Iyaka, labarin yaran titi guda, Yahudawa da Kiristoci, har zuwa tawayen da Yahudawan da aka killace a Warsaw suka tayar ranar 19 ga Afrilu, 1943. An karrama fim ɗin a bikin finafinai na Venice, amma a gida sai a 1949 jama'a suka gan shi. Gwamnatin kwaminisanci ta fi son labarin da ke cewa kowa ya sha wuya iri ɗaya, maƙiyi kuma ɗaya ne, wato Bajamushe.

Andrzej Wajda ya ɗan matsa gaba. A fim ɗinsa Samson na 1961, wani saurayi Bayahude ya tsere daga unguwar da aka killace, ya riƙa ɓuya a gidajen Kiristoci, yana raye amma kunyar tsira tana cin zuciyarsa. Sai dai ƙofar da aka fara buɗewa ba ta jima ba. A watan Maris na 1968 hukuma ta ƙaddamar da yaƙin ƙin jinin Yahudawa, kuma kimanin mutum 13,000 suka bar ƙasar. Ford na cikinsu, kuma a Amurka ya mutu a 1980. Kusan shekara ashirin wannan batu ya zama abin da ba a cika taɓawa ba.

Bayan faɗuwar kwaminisanci a 1989, Wajda ya fito da Korczak a 1990, labarin likita Janusz Korczak, mai kula da gidan marayu, wanda ya ƙi rabuwa da yaransa kusan ɗari biyu lokacin da aka tura su sansanin kisa na Treblinka a watan Agusta na 1942. A ƙarshen fim ɗin, taragon yaran ya ɓalle daga jirgin ƙasa, suka fito suna tafiya cikin hazo. Wasu masu sharhi a Faransa suka zargi Wajda da sassauta ɗacin gaskiya, wasu kuma suka ɗauki wannan ƙarshe a matsayin addu'a. Gardamar ta nuna cewa ko tausayi ma yana iya zama mayafi.

Babban sauyi ya zo ne daga wajen masana tarihi. A 2000 Jan Tomasz Gross ya wallafa littafi kan garin Jedwabne, inda a ranar 10 ga Yuli, 1941, mutanen gari suka ƙone ɗaruruwan maƙwabtansu Yahudawa a cikin wani sito, ƙarƙashin mulkin mamayar Jamus. Daga nan kyamara ta juyo ta kalli cikin gida. A fim ɗin Pokłosie na 2012, wani manomi yana tattara duwatsun kaburburan Yahudawa da aka shimfiɗa a kan hanya, har shi da ɗan'uwansa suka gano cewa da hannun mahaifinsu a kisan. A fim ɗin Ida na Paweł Pawlikowski, wanda ya ci lambar Oscar a 2015, wata budurwa mai shirin zama sistar Katolika ta gano cewa ita Bayahudiya ce, kuma wanda ya kashe iyayenta shi ne ke zaune a gidansu. Finafinan biyu sun jawo fushin masu ganin an ɓata sunan ƙasa.

Fushin nan yana da tushe da ya kamata a saurara. Jamusawa sun yanke hukuncin kisa ga duk wanda ya ɓoye Bayahude, amma duk da haka cibiyar Yad Vashem ta Isra'ila ta karrama 'yan Poland fiye da 7,000 da suka yi kasadar ceto, adadin da ya zarce na kowace ƙasa. Agnieszka Holland ta haɗa ɓangarorin biyu a jikin mutum guda. A fim ɗinta W ciemności na 2011, wato Cikin Duhu, Leopold Socha, ma'aikacin magudanar ƙarƙashin ƙasa a birnin Lwów, ya fara ɓoye Yahudawa don kuɗi, amma da kuɗin ya ƙare bai yashe su ba, har tsawon wata 14.

Hausawa na cewa gaskiya ɗaci gare ta. Sai da aka shafe shekaru masu yawa kafin finafinan Poland su iya nuna mai ceto da mai cin amana a ƙauye ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya, su bar mai kallo ya tambayi kansa wanne zai kasance da shi ne maƙwabcin.