Tarihin Baƙuncin Amurkawa a Ƙasar Ostareliya

Ba'amurken da ya zauna a wannan zamani yana jujjuya shawarar barin ƙasar haihuwarsa ya koma Ostareliya da zama, galibi abin da ke ƙarfafa masa zuciya shi ne zaton cewa ba wani baƙunci mai tsanani zai yi ba, tun da yake harshen ɗaya ne, addinin da ya fi rinjaye ɗaya ne, kuɗin ma dala ake ce masa, kuma ƙasashen biyu duk daga daular Ingila suka tsiro. Zaton nan yana da tushe, amma wanda ya bi diddigin labarin waɗanda suka riga shi bin wannan hanya, tun fiye da shekara 200, zai tarar cewa kamannin nan ne ya fi ba su wahala, domin mutum yakan yi shiri idan zai shiga cikin waɗanda ya san ba irinsa ba ne, amma yakan saki jiki idan ya ɗauka gidan ɗan'uwa zai sauka.

Ba don Amurka ba, da la'alla Ingila ba ta waiwayi wannan nahiya a lokacin da ta waiwaye ta ba. A ƙarni na 18 al'adar hukumar Ingila ce idan alƙali ya sami mutum da laifin sata ko makamancinsa, a maimakon rataya sai a kore shi zuwa ƙasashenta na Amurka, musamman Virginia da Maryland, a sayar da aikinsa ga masu gonakin taba na wasu shekaru, har an ƙiyasta waɗanda aka kai ta wannan hanya da wajen mutum 50,000. Da Amurkawa suka yi shelar 'yancin kansu a 1776, aka gwabza yaƙi, aka yi sulhu a 1783, sai wannan ƙofa ta rufe, gidajen kurkuku suka cika, har aka koma tsare fursunoni cikin tsofaffin jiragen ruwa da aka ɗaure a kogin Landan. Cikin waɗanda suka fara kai wa hukuma shawara a rubuce cewa a kafa mazauni a gabar da Kyaftin Cook ya gano a 1770 akwai James Matra, haifaffen birnin Niyok, wanda ya yi wannan tafiya tare da Cook. Nufinsa a samar wa Amurkawan da suka tsaya kan biyayya ga Sarkin Ingila matsuguni, tun da sun rasa gidajensu da dukiyarsu. Hukuma ta karɓi shawarar wurin, ta musanya mutanen, ta aika da fursunoni. Jirage 11 ƙarƙashin Arthur Phillip suka sauka a inda birnin Sidni yake yanzu ranar 26 ga Janairu 1788, a kan ƙasar mutanen da kakanninsu suka yi shekaru dubbai masu yawa a cikinta, ba tare da an nemi yardarsu ba, ba kuma tare da an ƙulla wata yarjejeniya da su ba, zaluncin da babbar kotun ƙasar ba ta fara warware tushensa ba sai a shari'ar Mabo ta 1992.

A nan ne, a ganina, hanyoyin ƙasashen biyu suka rabu tun daga mafari. Amurkawa suna ba 'ya'yansu labarin kakannin da suka tsere wa sarki da limaman cocinsa don su bauta wa Ubangiji yadda suka ga dama, saboda haka suka taso da tuhumar hukuma a cikin jininsu. Sidni kuwa hukuma ce ta kafa ta, daga rumbunta ake auna wa kowa gari da naman gishiri, ita ke raba filaye, ita ke raba ma'aikata, daga baya kuma ita ta shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa. Mutanen wurin suka taso suna ƙin mai riƙe da bulala, amma ba sa ƙin rumbun.

Fatake ne suka fara zuwa bisa son ransu. Jirgin ciniki na farko daga Amurka, mai suna Philadelphia, ya iso Sidni a 1792, lokacin da yunwa ba ta daɗe da sakin garin ba, bayansa kuma wasu suka biyo da barasa, wadda ta zama kamar kuɗi a hannun hafsoshin soja, ta kuma jawo fitina mai tsawo. Akwai kuma baƙaƙen fata cikin fursunonin farko, kamar Billy Blue, wanda ake danganta asalinsa da jihar Niyok, aka kama shi da satar sukari a Landan, aka kawo shi a 1801, ya ƙare wa'adinsa ya zama mai fito a mashigin ruwan Sidni, har yau kuma akwai wani tsinin ƙasa a bakin ruwan da ke ɗauke da sunansa.

Zinariya ce ta mai da ɗigon nan ya zama kwarara. Edward Hargraves ya je Kalifoniya neman arziki bai samu ba, amma ya koyo dabarar wanke ƙasa a faranti, ya komo ya yi shelar samun zinariya kusa da Bathurst a 1851, kafin shekara ta ƙare kuma aka sami wadda ta fi ta yawa a Ballarat da Bendigo cikin jihar Victoria. Amurkawa dubbai suka tsallako teku, mafi wayonsu kuwa ba su taɓa diga ba, sai suka tsaya suna sayar wa masu haƙa abin da suke bukata, har da ƙanƙarar da ake yankowa daga tafkunan wajen Boston. Wanda ya fi barin suna shi ne Freeman Cobb, saurayi daga Massachusetts, wanda shi da abokansa uku suka kawo kekunan doki irin na ƙasarsu, waɗanda akwatinsu ke rataye bisa kirin fata maimakon ƙarfe, don haka suna jure ramuka da caɓi inda kekunan Ingila ke karyewa. Suka fara jigila daga Melbon zuwa wuraren haƙa a 1854, suna sauya dawaki a zango-zango don kada gudu ya ragu. Cobb bai yi shekara huɗu a ƙasar ba ya sayar da rabonsa ya koma gida, wani Ba'amurke kuma, James Rutherford, ya karɓi ragamar ya yaɗa kamfanin har cikin Queensland, inda keken ƙarshe ya yi tafiyarsa a 1924. Mutanen karkarar Ostareliya suna ƙidaya kamfanin Cobb & Co cikin gadon kakanninsu, da yawa ba sa ma tuna cewa baƙi ne suka kawo shi, kuma ban san wata karɓa da ta fi wannan ba.

Akwai wani labari na wannan zamani da ya cancanci a tsaya a kansa. Hukuma ta ɗora wa kowane mai haƙa lasin sule 30 a wata, ko ya samu ko bai samu ba, 'yan sanda kuma suna farautar marasa takarda da wulaƙanci, alhali masu biyan ba su da ƙuri'a. Da abin ya ishe su sai suka yi shinge a wani wuri da ake kira Eureka a Ballarat, soja suka auka musu da asubar 3 ga Disamba 1854, fiye da mutum 20 suka rasa rayukansu. Cikin mutum 13 da aka gurfanar bisa tuhumar cin amanar Sarauniya, wanda aka fara gabatarwa shi ne John Joseph, Ba'amurke baƙar fata. Wakilin Amurka a Melbon ya yi ƙoƙari har aka saki fararen 'yan ƙasarsa, amma bai ɗaga yatsa saboda Joseph ba, domin a lokacin bauta tana nan daram a ƙasarsu. Talakawan Melbon da aka zaunar su yanke hukunci suka ce bai yi laifi ba, jama'a suka ɗora shi a kujera suka zaga gari da shi suna sowa. Ya rasu a 1858, aka binne shi a Bendigo cikin kabari marar alama, sai a 2023 jakadiyar Amurka Caroline Kennedy ta je ta kafa masa allon tunawa.

Kada mai karatu ya ɗauka daga wannan cewa ƙasar ta kuɓuta daga cutar wariyar launi. Da jihohi 6 suka haɗu suka zama tarayya ranar 1 ga Janairu 1901, da tsarin mulkin da ya aro majalisar dattawa da ta wakilai daga Amurka, ya kuma riƙe sarauta da firayim minista daga Ingila, cikin dokokin farko da majalisa ta zartar har da ta tsare ƙasa ga fararen fata. Hilar da aka yi ita ce a yi wa wanda ba a so shifta ta kalma 50 cikin kowane harshen Turai da ma'aikaci ya zaɓa, ko da harshen da baƙon bai taɓa ji ba ne. Ba a soke shiftar ba sai 1958, ba a kuma binne manufar ɗungum ba sai 1973 a zamanin firayim minista Gough Whitlam.

Babban birnin tarayyar ma, wato Kanbera, hannun Amurkawa ne ya zana shi. Sidni da Melbon kowace ta ƙi yarda ɗaya ta zama hedikwata, sai aka zaɓi wani filin kiwon tumaki a tsakaninsu, aka yi gasar zane, Walter Burley Griffin da matarsa Marion Mahony, masu zanen gine-gine daga Shikago, suka ci a 1912. Griffin ya zo da babban buri, ya tarar da manyan ma'aikatan gwamnati waɗanda ba sa ƙaunar baƙo ya nuna musu ya fi su sani, suka yi ta ɓoye masa takardu suna jan ƙafa, har ya bar aikin a 1920, ya rasu a Indiya a 1937. Tafkin da ya zana a tsakiyar Kanbera bai cika da ruwa ba sai 1964, aka sa masa sunansa. Na tabbata an zalunce shi. Amma wannan ɗabi'a ta ƙin mai ɗaga kai tana nan har gobe, kuma Ba'amurken da aka tarbiyyantar da shi kan ya bayyana bajintarsa a gaban mai ɗaukar aiki yakan sha mamaki idan ya ga abin da ake yaba masa a gida ya zama abin zunɗe a Sidni.

Haɗuwa mafi girma ta zo da Yaƙin Duniya na Biyu. A ƙarshen 1941 firayim minista John Curtin ya bayyana wa duniya cewa ƙasarsa ta juya fuska ga Amurka don neman tsari, Singafo ta faɗa hannun Japan a Fabrairu 1942, aka yi wa Darwin ruwan bama-bamai ranar 19 ga watan, Janar MacArthur na Amurka ya iso a Maris. Kafin yaƙi ya ƙare sojan Amurka kusan miliyan 1 sun ratsa ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 7 da kaɗan ba. An tarbe su da murna, sa'an nan ƙyashi ya shigo, domin albashinsu ya fi, kantinsu cike yake da taba da alewa da kayan da talaka ba ya samu, 'yan mata kuma sun karkata gare su. A daren 26 da 27 ga Nuwamba 1942 aka yi tarzoma a titunan Birisben, sojan Ostareliya ɗaya ya mutu da harbi, ɗaruruwa suka ji rauni. Mafarin rigimar abin tunani ne: sojan Ostareliya ne suka ga 'yan sandan sojan Amurka suna tsananta wa wani ƙaramin sojan Amurka, suka shigar masa. Duk da haka fiye da mata 10,000 suka auri Amurkawa, aka kuma ƙulla ƙawancen tsaro na ANZUS a 1951.

Ƙidayar 2021 ta sami haifaffun Amurka kimanin 100,000 a ƙasar, kuma abubuwan da ke ba sabon zuwa mamaki kusan duk daga wancan tsohon tarihi suka gangaro. Juyewar yanayi, da Kirsimeti cikin tsananin zafi, da tuƙi a hannun hagu, waɗannan jiki yakan saba da su cikin 'yan watanni. Abin da ya fi nauyi shi ne matsayin hukuma. Magina a Melbon sun sami aikin sa'a 8 a yini tun 1856, a 1907 kuma Alƙali Higgins ya yanke cewa wajibi ne ladan lebura ya ishe shi ciyar da mata da 'ya'ya uku, ya ƙayyade sule 7 a yini. Saboda wannan gado ne mai kawo abinci a gidan cin abinci ba ya dogara da kyautar baƙo, ma'aikaci kuma yana da hutun mako 4 a shekara bisa doka. Tun 1984 akwai Medicare, wanda ake cire masa kashi 2 cikin 100 na abin da mutum ya samu, mazaunin ƙasa ya shiga asibitin gwamnati ba da fargabar bashi ba. Bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnatin John Howard, wadda ta masu ra'ayin riƙau ce, ta sayi bindigogi fiye da 600,000 daga hannun jama'a ta lalata, kuma mai neman lasin bindiga sai ya kawo hujja, kare kai kuwa ba ya cikin hujjojin da ake karɓa. Jefa ƙuri'a farilla ce tun 1924, ranar Asabar ake yi, wanda ya ƙi ba da uzuri ba a ci shi tarar dala 20 a zaɓen tarayya.

Amurka kuma ba ta sakin ɗanta da sauƙi, domin tana cikin ƙasashe ƙalilan da ke bin mutum da takardar haraji duk inda yake zaune a duniya, ko da yake akwai yarjejeniya tsakanin hukumomin biyu da ke rage biya sau biyu. Mutum yana iya riƙe fasfo biyu, sai dai tsarin mulki ya haramta wa mai mubaya'a ga wata ƙasa zama a majalisar tarayya. Kristina Keneally, wadda aka haifa a Las Vegas ta girma a Ohio, ta ƙaura zuwa Sidni a 1994, ta zama 'yar ƙasa a 2000, ta ajiye zamanta na Ba'amurkiya a 2002 kafin ta tsaya zaɓe, a Disamba 2009 kuma ta zama mace ta farko da ta shugabanci gwamnatin jihar New South Wales, ta riƙe muƙamin har zaɓen Maris 2011.